Sili 19: kundin neman shahadar haɗa wayoyin tauraron ɗan'adam

Lahadi, 1 ga Satumba 2024, Jidda

Bayan sallar Azahar mudir, wato manajanmu, ya kira ni ofis, ya ce sunana na cikin mutum huɗu da za a tura Riyad ranar 20 ga Oktoba, horo na kwana biyar. Kamfani ne zai biya kuɗin horon, tafiya da ci da kwana kuwa a wuyana suke. Saura mako bakwai cif.

A watan Maris na samu shahadar farko ta IPC/WHMA-A-620, littafin da masana'antu ke bi wajen haɗa damin waya. Ya fara fitowa a 2002, mu bugun E na 2022 muke riƙe da shi. Ya raba aiki aji uku: na 1 kayan yau da kullum, na 2 kayan da ake so su daɗe, na 3 kayan da in sun tsaya za a iya rasa rai. Abin da za mu je nema yanzu ƙari ne a kan littafin, mai alamar harafin S, wato dokokin wayar da za ta shiga roka ko tauraron ɗan'adam. Inda ƙarin ya saɓa wa littafin, maganar ƙarin ake ɗauka.

Shekarata 14 ina wannan sana'a a warsha, wato shagon aikinmu, daga damin wayar janareto zuwa na motocin asibiti. An san ni da saurin hannu. Zan riƙa rubuta abin da na yi a nan, don yaranmu na unguwar Shari Mansur a Makka da ke yawan tambayata yadda ake shiga wannan layi su samu abin dubawa.

Talata, 3 ga Satumba

Na karɓi littafin da ƙarinsa daga ofis. Karatun awa ɗaya bayan Isha. Na sayi gilashin ƙara girma mai ninki 10, riyal 45.

Alhamis, 5 ga Satumba

Ranar nan ba zan manta da ita ba.

Bayan an tashi daga dawam, wato lokacin aiki, na zauna da ragowar waya mai lamba 22. Ga wanda bai sani ba, a wannan ma'auni duk sa'ad da lamba ta hau, waya ƙara sirancewa take yi. Mai lamba 22 irin tamu sili 19 ne a murɗe, kowane sili kaurinsa milimita 0.16, jan ƙarfe da aka shafe da azurfa. Na feɗe baki goma da filayar feɗewa da na shekara shida ina aiki da ita, kamar yadda na saba, ko kallo ban yi ba. Sannan na sa su ɗaya bayan ɗaya ƙarƙashin sabon gilashin.

Bakwai cikin goma akwai tabo. Wasu reza ta kankare azurfar har jan ƙarfen ya leƙo. Biyu an ɗan sare sili ɗaya, bai tsinke ba amma ya yi wuya kamar raken da aka sa wa wuƙa. Da ido tsirara duk goman lafiya lau suke, kuma da na sa mita duk za su nuna wuta na wucewa.

Dalilin da ya sa wannan ba ya karɓuwa a fili yake. Lokacin tashi, roka girgiza take kamar za ta wargaje. Bayan an isa, tauraron da ke kusa da duniya yana kewaya ta cikin minti 90 ko kusa da haka, wato kusan sau 16 a yini yana fita daga zafin rana ya faɗa sanyin inuwa. Ƙarfe ya buɗe ya tsuke, ya buɗe ya tsuke, shekara da shekaru. Daga wurin saran nan silin zai karye. Kuma babu mai hawa da tsani ya je ya gyara. Ɗan hakin da ka raina, in ji mutanenmu.

Na daɗe zaune. Tunanin da ya dame ni shi ne damin waya nawa na sallama cikin shekara 14 da irin wannan tabo a ciki.

Asabar, 7 ga Satumba, Makka

Na je gaida Baba. Na kai masa guntayen wayar da gilashin. Shekararsa ta haura 70, kuma fiye da rabinta a kan aikin allura ya yi ta, yana yi wa alhazai aska takwas a babbar riga tun ina yaro. Ya kanga gilashin a ido ya daɗe yana juya wayar.

Ya ce, "Kai, wannan ai ba laifin ƙarfe ba ne. Hannunka ke gaba da idonka."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya ce, "In ka je can, kada ka nuna musu sauri. Saurin ka bar shi a Jidda."

Inna ta sa aka sayo tsire, wanda mutanen Hijaz ke kira sairiya, muka ci kafin in kama hanya.

Talata, 10 ga Satumba

Na daina amfani da tsohuwar filayar. A ɗakin gwaji akwai abin feɗewa mai zafi, wanda ke narka rigar wayar ba tare da reza ta taɓa ƙarfe ba. An ba ni izinin amfani da shi bayan dawam. Baki 30 na feɗe, 4 suka ɓaci: biyu rigar ta ƙone ta yi baƙi, biyu silin suka warware suka yi buhu-buhu don na ja rigar da ƙarfi. Wanda na saba yi cikin daƙiƙa uku yanzu yana cin rabin minti.

Alhamis, 12 ga Satumba

Feɗewa 40, ɓaci 2.

Lahadi, 15 ga Satumba

Gwajin ido. Masu horon sun ce kowa ya zo da takardar likita, ta gani na kusa da ta bambance launi. Launi ban samu matsala ba. Na kusa kuwa na kasa karanta layin ƙananan haruffa na ƙarshe daga nisan da aka riƙe mini katin. Shekarata 41, likita ya ce lokacinsa ne. Gwaji riyal 100, tabarau riyal 320. Da na sa shi na karanta layin sarai, aka sa hannu a takardar.

Gwajin launin ba don ado ake yinsa ba. Kowane fil, wato ɗan tsinken ƙarfen da ake matsawa a bakin waya don ya shiga kwanekta (mahaɗin wayoyi), yana da zobba uku masu launi a jikinsa, su ne lambarsa. Namijin fil mai girman 22D na kwanekta irin 38999, alal misali, ruwan lemo ne da shuɗi da baƙi, wato 360. Wanda ba ya bambance su zai ɗauki wani a maimakon wani.

Alhamis, 19 ga Satumba

Wayar da nake ta gwaji da ita ta ƙare, sai na je sito na ɗauko wani kurtun waya mai azurfa da ya rage daga wani aiki na bara. Na feɗe bakin farko, na ga silin sun yi ja-ja kamar an barbaɗa musu jan ƙasa. Na yanke taku ɗaya na sake feɗewa, haka. Na yanke mita guda, har yanzu akwai ɗigo-ɗigo.

Daren jiya kawai na karanta labarinsa, sai ga shi a hannuna. Masu sana'ar suna kiransa jar annoba. In shafen azurfa ya samu ƙofa ko ta kai ƙwayar zarra, danshi da iska suka shiga, azurfa da jan ƙarfe sai su zama tamkar ƙaramin batir, jan ƙarfen ya riƙa cinyewa daga ciki. Azurfar na nan tana ƙyalli a waje, cikin ya zama gari. Shi ya sa ake son kaurin shafen ya kai maikuron 2 (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) a aikin sama maimakon 1 da aka saba, a toshe bakin waya in za a ajiye, a sa ta inda babu laima, kuma kada a wanke ta da abu mai ruwa.

Sitonmu kuwa na'urar sanyaya ɗaki kashe ta ake yi daga yammacin Alhamis zuwa safiyar Lahadi. Duk wanda ya zauna a Jidda a watan Satumba ya san yadda raɓa ke kwanciya a gilashin mota da asuba. Kurtun ya fi shekara a can, bakinsa a buɗe.

Na kai wa mudir. Da farko ya ce a yanke mita biyar a yi amfani da sauran. Na buɗe masa shafin, na ce ba a san inda cutar ta tsaya ba, dole a ware kurtun gaba ɗaya. Bai ji daɗi ba, amma ya sa aka manna jar takarda aka fitar da shi. Na sayi ma'aunin danshi, riyal 35, na rataye a siton. Da yamma ya nuna 74 cikin ɗari. Ƙa'idar ɗakin aiki tsakanin 30 ne da 70.

Akwai kuma ƙanwarta, farar annoba, wadda ke fitowa daga rigar waya irin ETFE: tana fitar da sinadarin fulorin a hankali, in aka kulle ta cikin leda da ɗan danshi sai ya ci ƙarfen da ke kusa. Ke nan ajiya ma sai an san irin wayar kafin a san yadda za a rufe ta.

Litinin, 23 ga Satumba

Hutun ranar ƙasa. Karatu a gida, babin kayan da aka hana. Robar PVC da muke naɗe komai da ita ba ta zuwa sama, domin inda babu iska tururi take fitarwa ya je ya kwanta a kan madubin kyamara. Gwajin da ake yi wa kowane abu, ASTM E595, shi ne a gasa shi awa 24 a zafin digiri 125 inda aka zuƙe iska. Nauyin da zai rasa kada ya wuce kashi 1 cikin ɗari, wanda zai sake daskarewa a wani wuri kada ya wuce 0.1. An hana shafen kadmiyam da na zink. An hana tsantsar kuza, don tana tsiro da wasu siraran gashi na ƙarfe da ke haɗa wuta inda bai kamata ba. Sai an gauraya ta da dalma aƙalla kashi 3. A watan Mayun 1998 tauraron Galaxy IV ya ɓace wa masu shi, akasarin na'urorin kiran gaggawa na aljihu a Amurka suka yi shiru, har da na likitoci, kuma wannan gashin kuzar aka ɗora wa alhakin mutuwar ɗaya daga kwamfutocinsa.

Babbar 'yata ta zauna kusa da ni tana tambaya. Tun da Rayyana Barnawi, haifaffiyar Jiddan nan, ta tashi zuwa tashar sararin samaniya tare da Ali Alƙarni ranar 21 ga Mayun 2023, yarinyar nan ba ta da zance sai na sama jannati. Sunan Barnawi ba baƙo ba ne a kunnen duk wanda ya tashi a unguwanninmu. Ta ce, "Abba, wayarka za ta je inda ta je?" Na ce sai na ci jarrabawa tukuna, sannan sai Allah ya kawo aikin.

Alhamis, 26 ga Satumba

Na fara matsa fil. Filayar matsi ta kamfanin DMC ce, AFM8, shuɗiya, da maɓalli mai lamba takwas da ke saita zurfin matsi. Haƙora huɗu ne ke shiga jikin fil lokaci guda, kuma ba ta sakin hannu sai an kai ƙarshe. Kafin aiki ana zura mata ma'auni mai kai biyu: kore ya wuce, ja ya tsaya. Matsi 20. A kowanne sai an ga silin ta 'yar ƙofar dubawa da ke jikin fil, kuma a bar ɗan tazara tsakanin rigar waya da gindinsa.

Lahadi, 29 ga Satumba

Matsala ta biyu, kuma wannan tawa ce ni kaɗai.

Ƙa'ida ita ce a matsa samfuri uku a farkon aiki, uku a ƙarshe, a sa su a injin ja. Injin yana jan waya a hankali, kusan milimita 25 a minti, har ta rabu da fil, a rubuta ƙarfin da ta ɗauka. Na koma waya mai lamba 24, na matsa fil 18 a jere, sai bayan na gama na tuna ban yi samfurin farko ba. Na yi uku. Biyu suka zare sumul daga cikin fil tun kafin su kai adadin da teburin littafi ya gindaya.

Na duba filayar. Maɓallin yana inda na bar shi ranar Alhamis, na waya 22, wato lamba ɗaya sama da abin da aka rubuta wa 24 a jikin mazauni, ɗan ƙarfen da ke riƙe fil cikin filayar. Haƙoran ba su nutsa yadda ya kamata ba. Duk 18 ɗin a ido ba su da aibu, in ka ja da hannu ma ba za su fita ba. Na yanke su duka na zuba a kwandon ɓatattu. Da na yi samfurin tun farko, fil uku zan yi asara.

Yaron da ke koyon aiki a hannuna, ɗan wata 'yar'uwarmu ne daga unguwar Karantina ta nan Jidda, yana tsaye yana kallo. Ya ce, "Kawu, ai na gwaji ne, ba inda za su." Na ce masa in na bari hannuna ya saba da tsallake mataki a kan na gwaji, ranar na gaske ma zai tsallake. Na rubuta jerin matakai biyar a kati na manna a gaban teburin: ma'auni, mazauni, maɓalli, samfuri, rubutu.

Talata, 1 ga Oktoba

Samfuri shida, duk sun wuce. A biyar wayar ce ta tsinke daga waje, fil bai saki ba.

Juma'a, 4 ga Oktoba, Makka

Bayan an sauko daga masallaci na zauna da Baba a kan ɗaurin dami. Ana ɗaure damin waya da wani zare mai faɗi kamar tsinken kaba: zagaye biyu masu harɗe juna, sannan a kulle da ƙulli biyu, na biyun ya juya wa na farko baya. In ya yi sako-sako zai zame, in ya yi tsauri zai nutsa cikin rigar waya. Nawa duk tsauri suke yi.

Na kawo fensira bakwai na haɗa su kamar dami. Baba ya karɓi zaren, ya yi ɗaya sau ɗaya tak, ya miƙo mini. Ya ce, "Da yatsa ake ja, ba da dantse ba. In ka ji zaren ya yi magana, ka tsaya." Ya sa na yi ta yi har aka kira La'asar. Na ƙirga 60. Wajen na 40 na fara jin abin da yake nufi: akwai wani ɗan tsayawa da zaren ke yi kafin ya fara cizo.

Litinin, 7 ga Oktoba

Tikitin jirgi zuwa Riyad da dawowa, riyal 460. Motar haya ta fi araha, amma hanyar ta kusa kilomita 950, ba na so in isa a gajiye. Zan sauka wurin Yaya, ɗan wan Baba, a Manfuha, don haka babu kuɗin masauki. Abin da na kashe zuwa yau: 960.

Laraba, 9 zuwa Alhamis, 17 ga Oktoba

Kullum awa ɗaya da rabi bayan dawam. Haɗa waya biyu da dalma, rufe saƙar ƙarfen da ke kare waya daga kutsen sigina, zura fil cikin kwanekta da 'yar robar nan mai kai biyu, kore na sawa, fari na cirewa. Dalmar haɗin da ake amfani da ita gauraye ce, kashi 63 kuza, 37 tsantsar dalma, tana narkewa a digiri 183. Inda nake da rauni: ina daɗewa da zafi, dalma ta bi silin ta haura ƙarƙashin riga, wayar ta sandare a wurin da ya kamata ta lanƙwasa.

An kawo akwatin ajiya mai busar da iska an sa a sito. Mudir da kansa ya yi odarsa.

Lahadi, 20 ga Oktoba, Riyad

Mu 9 ne a ajin. Malamin dattijo ne mai magana a hankali, ya ce ya fi shekara 30 yana duba damin waya. Kafin kowa ya zauna sai da aka gwada igiyar da muke ɗaurawa a wuyan hannu don sauke wutar jiki. Nan matsalar kishiyar ta Jidda ce: iskar Riyad busasshiya ce ƙayau, har sai da aka kunna na'urar ƙara danshi don kada a faɗi ƙasa da 30.

Ya fara da labarin kumbon Columbia na watan Yulin 1999, tafiyar da Eileen Collins ta jagoranta. Daƙiƙa biyar bayan tashi wuta ta haɗu, kwamfutocin da ke sarrafa biyu daga injina uku suka ɗauke, na ko-ta-kwana suka karɓa. Da aka dawo aka bincika, sai aka tarar waya guda ce rigarta ta gurje a kan wani kan sukuru mai kaifi. Aka dakatar da tashin sauran kumbunan watanni ana bin wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya.

An raba wa kowa zanen damin da zai haɗa: kwanekta uku, reshe biyu, da takardar da za a riƙa sa hannu a kowane mataki.

Litinin, 21 ga Oktoba

Feɗewa da matsi. Ni ne na ƙarshen gamawa a ajin. Malam ya duba baki 24 da madubi, bai mayar da ko ɗaya ba. Samfuran ja duk sun wuce.

Da dare Yaya ya zaga da ni a mota, muka wuce ta gaban KACST, cibiyar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdul'aziz, inda aka ƙera tauraron SaudiSat na farko da aka harba a shekarar 2000. Ya ce, "Ƙanena, kakanmu da ƙafa ya zo ƙasar nan ta hanyar Sudan, shekara nawa yana hanya. Kai ga abin da kake nema." Ban iya ce masa komai ba.

Talata, 22 ga Oktoba

Haɗi da dalma. Na farko ya haura ƙarƙashin riga kamar yadda na ji tsoro, aka ce in sake. Malam ya nuna mini in kama wayar da ɗan matsefin da ke shanye zafi, in kuma ɗaga ƙarfen da zarar dalma ta kwanta. Na biyu ya karɓu.

Laraba, 23 ga Oktoba

Wajen ƙarfe uku na gama damin. Na zura fil duka, na gwada kowanne ya kama, na ɗaure, ƙulli 22, duk a jere kamar na Baba. Mita ta nuna kowace waya ta je inda zane ya ce. Saura in sa hannu in miƙa.

Ina yi masa duban ƙarshe da gilashi, sai na hango wani abu a bayan kwanekta ta biyu, a jikin farar waya ta bakwai, daidai inda take shiga robar baya. Ɗan tsaga ne a rigar, bai kai milimita ɗaya ba. Na san inda ya fito. Da safe na sa fil ɗin a ramin da ba nasa ba, na cire shi da farin kan robar, kuma bakin robar ya riga ya ɗan fashe. Da na karkata wayar sai na ga ƙyallin azurfa a ƙasan tsagar.

Wurin yana fuskantar ciki, sauran wayoyi sun rufe shi. In na miƙa haka, zai yi wuya a gani. In na faɗa, sai an kwance rabin damin, ga jarrabawar rubutu gobe da safe. Ba zan ɓoye ba, na kai minti biyar ina kallonsa, zuciyata na kawo mini dalilai: na gwaji ne, ba inda za shi. Sai na ji maganar yaron nan ce ta Jidda take dawo mini da muryata.

Na ɗaga hannu. Malam ya zo ya duba, ya ce in ɗauko takardar rahoton aibu. Na rubuta abin da na gani, inda yake, da abin da ya jawo shi. Ba a yarda a naɗe da salatif ko a ɗiga gam ba, sai dai a canza wayar ɗungurungum. Ya sa aka jefar da robar cirewar, ya kuma sa sauran mutum takwas suka duba nasu. Aka samu ƙarin biyu masu fasasshen baki.

Na yanke ƙulli 13, ɗaya bayan ɗaya, almakashi yana kallon waje don kada in ƙara wani tabon. Sabuwar waya, sabon samfuri uku a injin ja tunda an riga an rufe na yini, sabon matsi, sabon ɗauri. Kowa ya tafi. Malam ya zauna a gefe yana cike takardunsa, bai ce in yi sauri ba ko sau ɗaya. Mun yi Magariba tare a ɗakin, na gama ana kiran Isha.

Ban yi bitar dare ba. Na kira maiɗakina na gaya mata, ta ce, "Abban yara, ka kwanta kawai, abin da ka karanta mako bakwai ba zai gudu yau ba."

Alhamis, 24 ga Oktoba

Jarrabawar rubutu da safe. Ana neman 70 cikin ɗari, na samu 84. Inda na yi asarar maki: tambayoyin lanƙwasar kebul mai ɗaukar sigina da na shafe bayan kwanekta da gam, waɗanda ban taɓa yi da hannu ba.

Bayan Azahar aka ɗora damin a injin gwaji. An duba wucewar wuta, sannan aka sa bolt 500 tsakanin kowace waya da 'yan'uwanta, ana son ƙarfin rigar na tare wuta ya kai aƙalla megohm 100. Duk sun wuce. Malam ya bi damin da madubi daga kai zuwa gindi, ya nuna mini ƙulli ɗaya da jelarsa ta yi tsawo, na rage. Ya haɗa takardar rahoton aibun da sauran takardun aikina, ya sa hannu.

Cikin mu 9, mutum 7 suka wuce yau. Biyu za su sake ɓangaren aikin hannu.

Asabar, 26 ga Oktoba, Makka

Na kai wa Baba hoton damin a waya. Ya buɗe shi da yatsu biyu ya bi ƙullin ɗaya-ɗaya. Ya nuna wasu ya ce, "Waɗannan da dare ka yi su." Na ce haka ne, Baba, ta yaya ka gane? Ya ce sun fi sauran kwanciya.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, Jidda

Shahadar ta shigo ta imel yau. Jimillar abin da ya fita daga aljihuna: riyal 1,240, har da motocin cikin Riyad da tsarabar gidan Yaya.

Irin waɗannan shahadu wata 24 suke yi, ta farkon tawa za ta ƙare a Maris 2026, don haka na rubuta ranar a bangon littafin. Abin da ke gaba: mudir ya amince in ware teburi ɗaya a warsha mai bin dokokin ƙarin kaɗai, da fitila mai haske luks 1,000, da littafin rubuta samfurin ja na safe da yamma. Na nemi a sayo robobin cirewa guda 50 don a riƙa jefar da duk wadda bakinta ya fashe. A sabuwar shekara ina so in nemi shahadar J-STD-001, littafin haɗi da dalma, da nasa ƙarin na sama, tunda dalma ce raunina.

Yaron Karantina zai fara feɗewa da abin zafi ranar Lahadi. Na ba shi gilashina mai ninki 10, zan sayi wani. Danshin sito yau da yamma: 46.